Darasin Ingilishi Daga Bakin Tasha



Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a shekarar 1911 Hausa take ƙara karɓar kalmomin sufuri daga Ingilishi. Direba, fasinja, tikiti, birki, taya da tasha duk baƙi ne da suka zama 'yan gari. Yaron da ke ajinmu ya san su tun bai riƙe fensir ba. Abin takaici, mukan bar wannan jari a ƙofar aji, mu ɗora masa jerin kalmomi ya haddace, kamar bai taɓa shiga mota ba.

Mu fara da abin da ke bakinsa. In ya ce tikiti, mu rubuta masa ticket a allo; in ya ce tasha, mu rubuta station. Mu kuma ja kunnensa cewa abin da muke kira mota, car Bature yake ce masa. Daga nan sai mu kai shi ga waɗanda ba mu ara ba: fare, kuɗin mota, departure, tashi, arrival, isowa, delayed, an samu jinkiri.

Duk shekara lokacin aikin Hajji mukan ga dattijo a filin jirgi yana duban allon sanarwa, jikan da ya rako shi, ɗalibinmu, ya kasa karanta masa. Wannan kunya tamu ce. Ranar da yaron ya duba allon ya ce, "Kaka, an ɗaga tashinku," ranar darasinmu ya isa gida.

Allah ya yi mana jagora.