Ɗaga Marar Lafiya Ba Aikin Mutum Ɗaya Ba Ne

(Jawabin kwamitin ziyarar marasa lafiya ga taron dattawan ikkilisiya da shugabannin zumuntar mata)

  Abin da muka kawo gabanku yau shi ne yadda ake juya marar lafiyan da ba ya iya taimakon kansa, da yadda ake zaunar da shi, da yadda ake sauko da shi daga gado, ba a ji masa ciwo ba, mai jinya kuma ba ta karya bayanta ba.

Dukanmu mun san yadda zama ya koma a wannan gefen kogi. Bayan rikicin shekarar 2000 da na 2002, iyalai da yawa sun haye gada zuwa Sabon Tasha, Narayi, Barnawa da Kakuri. Waɗanda suka zauna a Kawo, Malali, Unguwan Rimi da Unguwan Dosa magidanta ne masu ƙarfi a wancan lokaci, yau kuwa tsufa ya cim musu, 'ya'yansu kuma suna nesa. Idan hawan jini ya kayar da Baba har ɓarin jikinsa ya shanye, za a kai shi asibitin Barau Dikko, ko na sojoji na 44, ko babban asibitin Kawo. Amma ranar sallama tana zuwa. Daga wannan rana, Mama ce ita kaɗai za ta tashe shi, ta yi masa wanka, ta kai shi ban ɗaki, safe da dare. A ziyarce-ziyarcenmu mun sha iske gidan da aka fara da marar lafiya ɗaya, bayan 'yan watanni sun zama biyu.

Mu fara da nauyi. A shekarar 2007, wani mai bincike a hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, Thomas Waters, ya lissafa nauyin jikin marar lafiya da ya kamata ma'aikacin jinya ya ɗaga da hannu. Ya ce kada ya wuce kilo 16, shi ma sai idan marar lafiyan yana ba da haɗin kai kuma yana kusa da jikin mai ɗagawa. Jarkar ruwa mai lita 20 ta fi wannan nauyi. Buhun siminti kilo 50 ne, babban mutum kuwa ko ya rame yakan fi buhun siminti. Ba wanda zai ce wa tsohuwa ta ɗauki buhun siminti sau shida a yini, amma abin da muke barin iyayenmu mata suna yi ke nan. Don haka ka'idar farko ita ce: kada a sungumi marar lafiya. A mirgina shi, a zamar da shi, a bar shi ya yi abin da zai iya da kansa.

Na biyu, kada a kama shi ta hammata a ja. Wannan ita ce hanyar da kowa ya saba, ita ce kuma aka daɗe da hana nas-nas a Ingila. Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, naman da ke riƙe kafaɗarsa ya saki. Idan aka ja wannan hannu, kafaɗar tana iya gocewa, ta bar shi da ciwon da zai hana shi barci. Haka kuma kada ku bari ya rataya hannuwansa a wuyanku, gama idan ƙafarsa ta lanƙwashe, wuyanku ne zai ɗauki nauyinsa duka.

Na uku, juyawa a kan gado. Ku tsaya a gefen da kuke so ya fuskanta. Ku lanƙwasa gwiwarsa ta nesa da ku, ku ɗora hannunsa bisa ƙirjinsa, ku sa hannu ɗaya a bayan kafaɗarsa, ɗaya a ƙugunsa, sa'an nan ku mirgino shi wajenku a hankali. Ku tokare bayansa da matashi, ku sa wani tsakanin gwiwoyinsa. Wanda ba ya iya juyawa da kansa, a juya shi kamar bayan kowace awa 2. In ba haka ba, fata takan mutu a wuraren da ƙashi ke danne katifa, wato gindin baya, ƙugu da diddige, ta zama gyambon da ke ɗaukar watanni bai warke ba. Masu ciwon suga sun fi shiga wannan haɗari. Duk lokacin da kuka juya shi, ku duba waɗannan wurare. In fatar ta canza launi, ko ta yi zafi, ko ta yi tauri, kada a kwantar da shi a kan wurin, a kuma nuna wa nas.

Na huɗu, idan ya zame zuwa ƙasan gado. Ku ninka zanin gado mai ƙwari biyu, ya zauna a ƙarƙashinsa kullum daga kafaɗa zuwa cinya. Mutum biyu su tsaya, ɗaya dama ɗaya hagu, su cire matashin kai, su naɗe bakin zanin kusa da jikinsa. Ɗaya ya ƙirga, ɗaya, biyu, uku, su ja tare. Jan sa kai tsaye a kan katifa yana saɓule fatar tsoho. In yana da robar fitsari, a gyara ta kafin a motsa shi don kada ta fizgu.

Na biyar, saukowa zuwa kujera. A ajiye kujerar kusa da gado ta ɓangaren da yake da ƙarfi. In keken marasa lafiya ne, a danne birki. A juya shi gefe, a sauko da ƙafafunsa, a taimake shi ya zauna, ya ɗan huta minti ɗaya ko biyu, domin wanda ya daɗe kwance jiri yakan ɗebe shi in ya miƙe farat ɗaya. Tafin ƙafarsa ya taka ƙasa sosai, ba da silifas mai santsi ba. A ɗaura masa zani a ƙugu don a sami abin riƙewa. Mai jinya ta buɗe ƙafafunta, ta lanƙwasa gwiwa, bayanta a miƙe, ta tokare gwiwarsa marar ƙarfi da tata, ta juya da ƙafa ba da ƙugu ba. Kafin kowane motsi a faɗa masa abin da za a yi. Wanda aka sunguma ba zato yakan ƙanƙame jiki, nauyinsa ya ƙaru. In ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa sam, wannan ba aikin mutum ɗaya ba ne. Inda hali ya yi, a ɗauke shi daga katifar ƙasa a sa shi a gado, gama tashi daga ƙasa ya fi kowane tashi wuya.

Na shida, idan ya soma faɗuwa, kada ku yi kokawar tare shi. Ku bi shi ƙasa a hankali, ku kāre kansa. Kada a yi garajen ɗaga shi. In yana kukan ƙugu, ko ƙafa ɗaya ta gajarce ta karkace waje, mai yiwuwa ƙashin ƙugu ne ya karye. A nemi mutum huɗu su ɗauke shi a kwance bisa bargo mai ƙarfi zuwa mota, ba a cusa shi a Keke Napep ba. Mun tuna shanyayyen nan da aka kawo gaban Ubangiji a Kafarnahum: mutum huɗu ne suka ɗauko shi a kan shimfiɗarsa.

Yanzu ga roƙonmu gare ku, iyayenmu dattawa. Kowace ikkilisiya ta rubuta gidajen da ke da marar lafiya a kwance. A tsara masu zuwa safe da yamma, biyu-biyu, maza wurin maza, mata wurin mata, domin dattijon da ya riƙe gida shekara arba'in yana da kunya, mutuncinsa kuma bai shanye tare da jikinsa ba. Kusan kowace majami'a tana da nas, mai aiki ko mai ritaya. A roƙe ta ta nuna waɗannan abubuwa da hannu bayan sujada, gama gani ya kori ji. Iyalin da za a sallami marar lafiyansu su roƙi ma'aikatan sashen gashin ƙashi su koya musu kafin su bar asibiti. Ikkilisiya ta sayi keke ɗaya ko biyu na aro. 'Ya'yan da ke ƙetaren kogi a tuna musu cewa aiken kuɗi ba ya juya Baba da tsakar dare. Maƙwabcin kirki kuma, ko wane addini yake bi, kada a ji nauyin ƙwanƙwasa masa ƙofa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ku kuma iyayenmu masu jinya, in baya ya fara ciwo, ko ƙafa tana yin sanyi, ku faɗa. Neman taimako ba gazawa ba ne.

Ubangiji ya ba marasa lafiyanmu sauƙi, ya ƙarfafa masu jinyarsu.