Jawabi: Wanda Ya Faɗa Ramin Wani, Wa Zai Biya?

Jama'a, damina ta sauka, hanyoyin ƙauyukan Ɗambatta da Makoɗa sun yi santsi. Wani ya haƙa ramin tubali a bakin hanya tun rani, bai cike ba. Manomi ya zame ciki ya karye, ga noman fari ya zo.

A mazhabar Malikiyya, wanda ya haƙa rami a hanyar jama'a ba da izini ba, shi zai biya diyya. In cikin gonarsa ya haƙa don amfaninsa, ba komai a kansa.

Mai rauni ya fara zuwa asibiti, ko da zai je wurin maɗori, domin alƙali zai nemi takardar likita. Ya adana rasit. Ya nemi shaidu biyu tun ba a cike ramin ba, sannan ya kai kuka wurin dagaci. In sulhu ya ƙi, sai kotu.