Daga Andarai Zuwa Bakin Teku: Jawabin Kwamitin Ziyara a Taron Shekara

 

An ɗora wa kwamitinmu nauyin tsara ziyarar da ƙungiya ke son kai matasanmu Badagiri da birnin Ikko. Shawarar da muka tsaya a kanta ita ce mu yi tafiyar irin ta fatake: motarmu ta shata, madugu daga cikinmu, da jagaba ɗan ƙasar da za mu shiga. Kakanninmu da suka yi fataucin goro tsakanin kasuwar Jega da Gwanja ba su taɓa ɗaure kaya ba sai sun san mai jan ayari da zangon da za a kwana. Motar tasha ta fi araha, amma direbanta ba zai tsaya mana a gadar Jebba don yara su ga kogin Kwara ba, ba kuma zai jira mu yi Azahar a natse ba.

Hanyar sananniya ce: Koko, Yawuri, Kwantagora, Mokwa, Jebba, a kwana Ilori, washegari Ogbomosho, Oyo, Ibadan, sai Ikko, a zarce Badagiri. Sharaɗi ɗaya ne ba ma sassautawa a kansa: babu tafiyar dare. Halin tsaro a yankin jihar Neja ba ɓoyayye ba ne, don haka za a tashi da an sallame Asuba. Mun kuma zaɓi rani, domin ambaliyar da ta auka wa Mokwa a watan Mayu na 2025 ta nuna abin da ruwa kan yi wa wannan hanya. Sabuwar babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagiri mai kilomita 1,068, wadda aka ƙaddamar da aikinta a 2024, ta ratsa jiharmu ta Kabi, amma ba mu gina lissafinmu a kanta ba.

Wasu sun ce me za a yi a Badagiri har kwana biyu, alhali ga Ikko? A nan ne muka fi daɗewa muna muhawara, kuma a ganinmu Badagiri ce zuciyar tafiyar. Ƙasa ce ta mutanen Egun, mai gonakin kwakwa da ƙauyukan masunta a tsakanin tafki da teku, yaron da ya saba da gero da albasa zai ga noman da bai taɓa gani ba. Tarihinta kuwa ya shafe mu kai tsaye. A nan Bature Kilafaton ya sauka a 1825 kan hanyarsa ta zuwa wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya rasu a Sakkwato a 1827. Daga nan kuma Richard Lander da ƙanensa suka taso a 1830 har suka iso Yawuri. Ashe hanyar da za mu bi a kwana biyu ita ce suka sha watanni a kanta.

Akwai bene na farko da 'yan mishan suka gina a 1845, da kurkukun bayi na Seriki Abass, sannan a shiga kwalekwale a ƙetara zuwa tsibirin Gberefu, a taka da ƙafa har gaɓar da ake loda bayi a jirgin ruwa. Cikin waɗanda aka kwasa daga wannan gaɓa ta Afirka ta Yamma har da Hausawa Musulmi, waɗanda aka kai Bahiya ta ƙasar Burazil. A irin wannan wuri ne jagaba ke da amfani. In babu mai bayani, sarƙoƙi ne kawai masu tsatsa da tsohon gini. Sai dai a yi ciniki da shi tun kafin a iso, a san ko kuɗin shiga da na kwalekwale suna cikin ladarsa, a kuma tabbatar kowa ya sa rigar kariya kafin a hau ruwa. Mun fi son mai jin Hausa. In bai samu ba, 'yan uwanmu na Ikko za su yi tafinta.

Ikko kwana ɗaya ya ishe ta, domin cunkoso kan cinye yini. Wurare uku muka zaɓa: kasuwar Mile 12, inda ake sauke albasar Aliero, don yara su ga ƙarshen wahalar iyayensu, Agege, zangon 'yan goro, da Obalende, inda aka zaunar da sojojin Hausa, rundunar da Gilba ya kafa a 1863 wadda ta zama tushen sojan Nijeriya.

Jimla kwana bakwai ke nan, zuwa da dawowa. Mota ɗaya ce mai kujera 18, da direbobi biyu. Mutanen Kaduna da Abuja za su tare mu a Kwantagora. Muna roƙon kowane reshe ya ɗauki nauyin ɗalibi ɗaya daga gida wanda iyayensa ba su da hali, reshen Ikko kuma ya nema mana masauki da jagaba. Yaron da bai kai shekara 18 ba sai da takardar izinin mahaifinsa. Ma'aji zai karɓi sunaye da kason farko na kuɗi kafin a watse yau.

Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya. Wassalamu alaikum.