Ƙaron da Ke Riƙe da Tayar Mota

An ce in yi magana kan sana'ata, wato harhaɗa roba, to zan tsaya kan taya.

Duk wanda ya taɓa ganin tayar da ta fashe ya ga wayoyi da zare a cikinta. Su ke ɗaukar nauyin mota. Matsalar ita ce roba ba ta kama ƙarfe ko zaren nailan da kanta, sai an yi musu dalili. Shi zaren, tsoma shi ake yi cikin ruwan roba da aka gauraya da wani ƙaro na sinadaran rizosinol da fomaldihaid, dabarar da aka samo a kamfanin DuPont na Amurka tun shekarun 1930. Ita kuwa wayar, ana shafe ta da gamin jan ƙarfe da tutiya. Idan aka gasa taya, farar wutar da ke cikin roba sai ta haɗu da jan ƙarfen, su yi wata shimfiɗa da ido ba ya gani, ta cafke robar. Malaminmu na kimiyya na zaune a nan, ya san yadda muka riƙa gudun darasin farar wuta! Ƙaron nan ana zuba shi cikin robar ma, domin kamun ya jure zafi da laima.

Amma juriyar tana da iyaka. Ƙusa ta huda taya, ruwa ya shiga, tsatsa ta bi waya. Ƙarancin iska da lodi fiye da kima su ƙara mata zafi, ga kwaltar watan Afrilu. Sannu a hankali bayan tayar ya saki, ranar da ya ɓare kuwa mota na cikin gudu. A 2000, kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6.5 a Amurka saboda irin wannan ɓarewa, bayan an yi asarar rayuka.

Abin da ke damuna shi ne tayoyin gwanjo da muke saye. Zanen taya na iya zama garau alhali cikinta ya gama lalacewa. Ku duba gefenta, akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT. In kun ga 2319, an yi ta ne a mako na 23 na shekarar 2019. Mai faci ma zai nuna muku wurin.