Bahago da Bulala: Abin da Ƙwaƙwalwa Ke Koya Idan Hannu Na Zafi



Kusan kowa a ɗakin nan ya san wani yaro da aka doke wa bayan hannu don ya ɗauki alƙalami da hagu. A firamaren boko da rula ake yi, a makarantar allo da tsumagiya, a gida kuwa uwa ce za ta daka tsawa ta ce, "Kai, sauya hannun nan!" Ba mugunta ba ce, tarbiyya ake nufi. Tambayata a yau ita ce: idan an haɗa wa yaro zafi da sauyin hannu lokaci guda, me ƙwaƙwalwarsa take ɗauka?

Mu fara da hannun. Wani babban nazari da aka wallafa a 2020, wanda ya tattara bayanan mutum fiye da miliyan 2, ya nuna cewa kimanin mutum 1 cikin 10 bahago ne. Ke nan ajin firamare mai yara 60 a Tudun Wada ko Sabon Gari, mu sa ran bahagwai 5 ko 6 a cikinsa, ko sun bayyana ko an riga an ɓoye su. Kuma ba a hannun uwa suka koyo ba. Peter Hepper, wani masani a birnin Belfas, ya yi ta kallon 'yan tayi da na'urar hoton ciki, ya ga akasarinsu babban yatsan dama suke tsotsa, kaɗan na hagu. Da aka bibiyi yaran bayan sun kai shekara 10 zuwa 12, duk masu tsotsar dama sun tashi da dama, yawancin masu tsotsar hagu kuwa sun zama bahagwai. Abin tun daga ciki ne.

Allah ya gina mu a gicciye: ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa ke sarrafa hannun dama, na dama ke sarrafa hagu. Kuma koyon aikin hannu sake fasalin wannan wuri yake yi. A 1995 Thomas Elbert da abokansa a Jamus sun auna masu kiɗan gogen Turawa, suka tarar wurin da ke kula da yatsun hagu, masu danna tsirkiya, ya fi na sauran mutane faɗi, musamman ga waɗanda suka fara tun suna ƙanana. Abin da ke faruwa ke nan a kan ɗan maƙeri a Bungudu da ke koyon saukar da masaba daidai kan jan ƙarfe, da yarinyar da ke koyon bin layi a keken ɗinki, da ɗalibin kwalejin lafiya ta Tsafe da ke neman jijiya da allura. Kowane kuskure ana auna shi a ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya, a gyara, a sake gwadawa. Wani sashe na aikin ma sai an yi barci yake zaunawa: Matthew Walker ya nuna a 2002 cewa masu koyon danna madannai sun wayi gari da ƙarin sauri na kusan kashi 20 cikin 100, ba tare da sun ƙara atisaye ba.

To, idan aka tilasta wa bahago komawa dama fa? Hartwig Siebner ya duba wannan a birnin Munik a 2002. Ya samo manya waɗanda aka sauya wa hannu tun suna yara, suka yi shekaru masu yawa suna rubutu da dama. Da aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsu suna rubutu, sai ga ɓangaren dama, na hannun da aka hana su, yana nan yana sa baki wajen tsara motsin. Hannu ya bi umarni, amma mai ba da umarnin bai tashi daga kujerarsa ba. Ana yawan kawo labarin Sarkin Ingila Joji na 6, bahagon da aka sauya wa hannu ya kuma tashi da i'ina. Ni ba na kafa hujja da shi, don bincike bai tabbatar da cewa sauyin ne ke jawo i'ina ba. Abin da Siebner ya gani ya ishe mu.

Yanzu ga zafi. Masu bincike ba sa dukan kowa. Sinadarin da ke sa barkono yaji suke shafa wa mutum, ya ji raɗaɗi na ɗan lokaci. A jami'ar Albog ta ƙasar Denmak, a 2007, Shellie Boudreau ta sa mutane koyon wani motsi da harshe. Waɗanda ba a shafa wa komai ba, wurin da ke sarrafa harshe a ƙwaƙwalwarsu ya ƙara kuzari bayan minti 15 na atisaye. Waɗanda aka shafa wa yaji, wannan ƙarin bai samu ba. Amma binciken da na fi so malamai su riƙe shi ne na Jason Bouffard a jami'ar Laval ta Kanada, a 2014. Ya sa mutane koyon tafiya da wata na'ura da ke fizgar ƙafarsu. Masu jin raɗaɗi sun yi daidai da kowa a ranar farko. Washegari ne aka ga bambanci: abin bai zauna musu ba kamar yadda ya zauna wa sauran.

Ku dubi yadda wannan ke yaudarar malami. Ya ɗaga bulala, yaro ya miƙe, harafin ya fito, malam ya ce, "Ka gani? Da ma iskanci ne." Gobe yaro ya dawo hannu ya manta, sai a ƙara masa biyu a kan ta jiya.

Gaskiya ɗaya ce, dole in faɗi ɗaya gefen. Ƙungiyar Bernadette Murphy a Ontariyo ta samu akasin haka a wasu gwaje-gwajenta: ɗan raɗaɗi a gwiwar hannu ya sa wasu sun fi iya aikin yatsu, mai yiwuwa don ya tattara musu hankali. Sai dai waɗannan baligai ne da suka sa hannu da yardarsu, sun san yajin zai wuce, ba kuma wanda ke tsaye a kansu da fushi. Yaron da ke kallon tsumagiya hankalinsa ya tattaru, amma a kan tsumagiyar, ba a kan baƙin da ake koya masa ba.

Akwai wani ciwon da ba bulala ta kawo shi ba. Yaron shago ya ƙone a yatsa ko ya gurɗe a wuyan hannu, maigida ya ce namiji ba ya raki, a ci gaba. Jiki ba wawa ba ne, zai kauce wa wurin ciwon, ya karkace kafaɗa, ya sauya riƙo. Ƙwaƙwalwa kuwa abin da aka maimaita take adanawa. Ciwo ya warke cikin mako biyu, karkataccen riƙon ya bi mutum har tsufa.

Na san abin da ke zukatan wasunku: addini. Ci da sha da dama umarnin Manzon Allah ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, kuma bahago na iya koyonsa cikin ruwan sanyi, don kai loma baki ba aiki ne mai sarƙaƙiya ba. Gaisawa da miƙa abu ga babba haka nan. Amma rubutu, ɗinki, sassaƙa, riƙon lauje, malamai da dama sun bayyana cewa babu laifi a yi su da hagu. Wani abin lura ma shi ne rubutun allo daga dama yake tafiya zuwa hagu, saboda haka hannun bahago gaba yake yi ya bar ɗanyar tawada a bayansa. A boko ne yake shan wahala, hannunsa na bi ta kan abin da ya rubuta yana gogewa.

Kuma mu Zamfarawa mun san darajarsa inda muka ga dama. A filin dambe ba mai cewa ya sauya hannu. Hagun ake ɗaure masa, har a yi masa laƙabi da Bahagon wane, abokin karawa na shakkarsa don naushin na zuwa ta inda bai saba ba.

Ga ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Fasaha ta Tarayya da ke nan Gusau, ku da za ku karɓi aji ɗaya gobe: kada ku yanke hukunci a makon farko, don wasu yaran sai sun kai shekara 5 ko 6 hannunsu ke tsayawa. Ku ajiye fensir a tsakiyar tebur ku ga da wanne zai ɗauka, ku jefa masa ƙwallo, ku lura da hannun da yake buɗe gora. In bahago ne, ku zaunar da shi a ƙarshen benci ta hagu don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta maƙwabci, ku karkata masa saman takarda zuwa dama, ya riƙe fensir ɗan nesa da bakinsa don ya ga abin da yake rubutawa. Almakashin kasuwa na masu dama ne, idan yankansa ya tauna ƙyalle ku duba almakashin tukuna. Iyaye za su zo su ce a sauya masa. Ku zaunar da su, ku tambaye su wane aiki suke nufi, na cin tuwo ko na rubutu.