Ɓarawon da Ba Ya Haura Katanga



Da yawa daga cikinmu mun haɗa kuɗi mun sayi rauta mun ajiye a ɗaki. Sai datar wata guda ta ƙare cikin mako biyu, mu hau zagin kamfani, alhali kuwa sau da yawa wani ne a bayan taga yake sha daga randarmu. Asarar kuɗin ma ƙarama ce. Layin da ke cikin na'urar da sunanmu aka yi masa rajista, kuma tun 2020 hukumomin Nijeriya suka wajabta haɗa kowane layi da lambar NIN. In baƙon nan ya damfari wani ta intanet ɗinmu, ƙofarmu za a fara ƙwanƙwasawa.

Gano shi ba wuya. A jikin na'urar akwai adireshi, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.8.1. Mu buɗe shi a waya, za mu ga jerin duk waɗanda ke kan layinmu. Sai mu kashe Wi-Fi na sauran wayoyin ɗakin. Wanda ya rage a jerin, ban da wayar da ke hannunmu, to shi ne. Toshe shi kaɗai ba ya wadatarwa, domin wayoyin zamani suna iya sauya lambar da ake shaida su da ita.

Sai makulli. Tsarin WEP tun 2001 masana suka fasa shi, saboda haka mu zaɓi WPA2 ko WPA3. Mu kashe WPS, gama a 2011 an nuna cewa gwaji kamar 11,000 ya isa a cinko lambarsa. Kalmar shiga shafin na'urar kuma, wadda a na'urori da dama "admin" ce kawai, lalle a sauya ta.

Amma mu faɗa wa juna gaskiya: yawancin masu shan datarmu ba su fasa komi ba, mu muka ba su. Aboki ya roƙa, kunya ta hana mu cewa a'a, shi kuma wayar Android tun 2019 tana ba shi damar miƙa kalmar sirrin ga wani ta hoton QR, ba tare da saninmu ba. Ba rowa muke kira a yi ba. Na'urori da yawa suna da layin baƙi na daban. Mu buɗe shi, mu ba shi tasa kalmar, mu riƙa sauya ta duk ranar da muka sayi sabuwar data.