Gashin Kansar Mama: Abin da Mai Jinya Za Ta Tarar, da Abin da Ke Wuyan Ikkilisiya

(Jawabi ga dattawan ikkilisiya da shugabannin Zumuntar Mata)

 Batun da aka ba mu yau ba irin wanda muka saba ji daga bagade ba ne, amma yana shiga gidajenmu ko mun yi maganarsa ko mun yi shiru. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an sami mata kusan miliyan 2.3 da kansar mama, kimanin 670,000 kuma suka rasu. A Nijeriya kaɗai an ƙiyasta sababbin masu ciwon fiye da 32,000 a wannan shekarar. Za mu tsaya a kan sashe guda na jinyar, wato abin da likitoci ke kira rediyoterafi, mu kuma muke ce masa gashi.

Sunan nan kansa ya kori mata da yawa daga asibiti. Da an ce gashi sai hankali ya tafi kan tsire a bakin wuta. Babu wuta a ciki, babu ƙarfe mai zafi. Haske ne wanda ido ba ya gani, dangin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, sai dai ya fi shi ƙarfi nesa. Wani Bajamushe mai suna Röntgen ne ya gano shi a 1895, ba a daɗe ba likitoci suka soma gwada shi a kan kansa. Aikinsa shi ne ya lalata ƙwayoyin ciwon yadda ba za su iya hayayyafa ba. Lafiyayyen nama ma yakan taɓu, amma ya fi na ciwon iya gyara kansa. Shi ya sa ba a ba da maganin gaba ɗaya a rana guda, sai kaɗan kaɗan, daga Litinin zuwa Jumma'a. Wata za a yi mata sau 25 cikin mako 5, wata sau 15 cikin mako 3, akwai ma tsarin sau 5 cikin mako guda ga waɗanda ya dace da su. Likita ne zai zaɓa, kada wata ta ji an ba maƙwabciyarta kwanaki kaɗan ta ɗauka nata ciwon ya fi muni.

Sau da yawa maigida yakan tambaye mu, tun da an yi aiki an cire ƙullutun, gashin na mene ne kuma? Dalili shi ne wuƙar likita tana cire abin da ake gani ne, ƙwayoyin da suka saura a gefe kuwa ba su ganuwa. A 2011 an buga wani babban nazari a mujallar likitoci ta Lancet, wanda ya haɗa bayanan mata fiye da 10,000 da aka cire musu ƙullutu aka bar maman. Cikin waɗanda ba a yi wa gashi ba, kusan 35 cikin 100 ciwon ya dawo musu kafin shekara 10. Cikin waɗanda aka yi wa, kusan 19 ne. Ku lura da wannan tazara, ku riƙe ta don ranar da wani zai ce muku daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura. Maganar nan ta kai mata da yawa kabari, domin takan sa a zauna a gida ana shafe-shafe har ciwon ya fashe.

Ranar farko ba a yin gashin. Hoto ake ɗauka, a auna, a yi wa fata 'yan ɗigo-ɗigo na alama domin hasken ya riƙa sauka wuri ɗaya kullum. Kada a goge alamun nan wajen wanka. Daga nan kowace rana za ta kwanta, hannu a ɗage sama da kai, ma'aikata su daidaita ta su fita, suna kallonta ta na'ura, suna kuma jin maganarta. Injin zai yi ƙara yana zagayawa, ba ya taɓa ta, ba ta kuma jin zafi. Duka bai cika wuce minti 15 zuwa 20 ba, yawancinsa ma wajen daidaitawa ne. In maman hagu ne, a wasu asibitoci akan koya mata ta ja dogon numfashi ta riƙe, don zuciya ta ɗan nisanta da hasken.

Ga abin da muke roƙo ku faɗa a kowace ikkilisiya. Matar da aka yi wa irin wannan gashi daga waje ba ta ɗauke da hasken a jikinta. Da an kashe injin, shi ke nan. Za ta goya jikanta, ta ci tuwo a kwano ɗaya da kowa, ta zauna a bencinta, ta karɓi Jibin Ubangiji tare da mu. Kansa kuma ba a ɗaukarta kamar tari. Mun ji inda aka ware wa mai jinya kofi da tabarma, wannan jahilci ne, kuma yana ciwo fiye da maganin.

Yanzu mu zo ga wahalar, domin akwai ta. Ta farko ita ce fata. Makon farko yawanci ba a ganin kome. Wajen mako na biyu ko na uku wurin zai soma duhu, ya bushe, ya yi ƙaiƙayi. Ga masu baƙar fata irin tamu ba lalle a ga ja ba, duhun ne alama. Wani lokaci fatar takan sale ta riƙa tsattsafo da ruwa, musamman a ƙarƙashin mama da hammata inda fata ke gogar fata. Abin da yake ba mutane tsoro shi ne ya fi tsananta mako ɗaya ko biyu bayan an gama gashin, lokacin da ta riga ta koma gida kowa yana zaton an wuce wurin. Ba ciwon ne ya dawo ba. Yakan warke cikin makonni, duhun kuma yakan ɗauki watanni kafin ya washe.

A nan ne masu ƙauna suke yin ɓarna. Kowa yana zuwa da nasa magani. Muna roƙo, kada a sa wa wurin man zafi, ko man bilicin, ko toka, ko dakakken ganye, ko hoda da turare. Kada a gasa da ruwan zafi kamar mai jego, kada a ɗora ƙanƙara, kada a manna filasta. Wanka da ruwa mai ɗumi kaɗan da sabulu marar ƙamshi, da tafin hannu, ba soso, a kuma tsane ruwan da tsumma mai laushi ba tare da gogawa ba. Kada reza ta taɓa hammatar. Ko man kaɗanya ne, a nuna wa nas tukuna ta yarda. Riga ta zama ta auduga mai walwala, rigar mama mai ƙarfe a ajiye ta. Wurin kuma ya kasance a rufe daga rana, har bayan an gama, abin da manomanmu mata za su kula da shi ƙwarai. In fatar ta buɗe, ko tana wari, ko zazzaɓi ya zo, a gaya wa ma'aikatan a ranar.

Dattawa, wannan ya shafe mu kai tsaye. Wasiƙar Yakubu sura 5 ta ɗora mana zuwa wurin mara lafiya mu yi addu'a, mu shafa masa mai. Mu ci gaba da yi. Amma nassin bai ce sai a kan ciwon ba. Goshi ya isa. Kada a zuba mai a kan fatar da ake gasawa, kada kuma a danna wurin da sunan ɗibiya hannu.

Wahala ta biyu ita ce gajiya, kuma ita ce aka fi yi wa mummunar fassara. Gajiya ce wadda barci ba ya kawar da ita gaba ɗaya, tana taruwa a hankali, tana iya bin mace makonni ko watanni bayan an gama. Za ku gan ta da ƙafafunta, ba bandeji, sai uwar miji ta soma cewa son jiki ne. Jikin yana aikin gyara ne dare da rana, ga shi sau da yawa an riga an yi mata aiki, ta kuma sha alluran kemo. Daka, jan ruwa a rijiya, ɗaukar itace, a ɗauke mata su. Amma kada a kwantar da ita kwana da kwanaki, gama tafiya a hankali ta minti 20 ko 30 da safe ko da yamma tana rage gajiyar, likitoci sun tabbatar da haka. Ta ci abin gina jiki da muke da shi, wake, ƙwai, kifi, nono, kunun gyaɗa, miyar zogale, ta sha ruwa sosai.

Azumi kuwa, ba lokacinsa ba ne gare ta. In ikkilisiya ta sa azumi, mu masu lafiya mu yi a madadinta. Ku tuna da Iliya a 1 Sarakuna 19. Da ya gaji har ya roƙi mutuwa, abinci da ruwa aka kawo masa har sau biyu, aka bar shi ya yi barci, kafin a yi masa wata magana.

Gashin kai ba ya zubewa saboda wannan magani, kemo ne ke yin haka. Na hammatar da hasken ya bi ne kawai zai zube. Maman yakan kumbura ko ya yi nauyi, daga baya ya ɗan ƙanƙance ya yi tauri. Kafaɗa takan sage in ba a motsa ta, don haka motsa hannun da aka koya mata a asibiti ta riƙa yinsa kullum. Wadda aka cire wa kaluluwar hammata ko aka gasa wurin, hannunta na iya kumbura, ko da bayan shekaru ne. In ta ga zobe ko warwaro ya soma matse ta, ta koma asibiti da wuri, kada a yi tsaga, kada a yi ƙaho. Hannun ya yi zafi da zazzaɓi, wannan na gaggawa ne. Tari busasshe da sarƙewar numfashi cikin watannin farko ba su cika faruwa ba, amma in sun zo a faɗa wa likita cewa an yi gashi.

Ga mazaje. Kwanciya da matarka ba za ta sa maka ciwo ba. Abin da za a kiyaye shi ne kada ciki ya shiga lokacin jinya, domin hasken yana cutar da jariri, in kuma ana zaton akwai ciki a faɗa kafin a soma. Matar da ta rasa mama ko ta ga jikinta ya sake kama tana kallon fuskar mijinta kafin ta kalli madubi. Wanda ya ƙaurace wa ɗakinta a wannan lokaci, dattawa su kira shi su tuna masa alkawarin da ya ɗauka a gaban jama'a.

Sai batun hanya da kuɗi, inda yawancin mutanenmu suke karyewa. Wuraren gashi kaɗan ne. A Arewa an san Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, da Asibitin Ƙasa na Abuja, da na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. A Kudu akwai Legas, Ibadan, Inugu da Benin. 'Yan'uwanmu na Nijar sun sami nasu a Yamai a 2021. Injunan nan sukan tsaya, layi kuma yakan yi tsawo, saboda haka a yi waya a tabbatar kafin a sayar da akuya a hau mota. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta soma wani asusu na tallafa wa marasa ƙarfi masu kansar mama da wasu biyu. A tambayi ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin yadda ake shiga, a sa ɗaya daga cikin matasanmu masu ilimi ya bi takardun.

Abin da ya fi kuɗin injin cinye iyali shi ne zaman mako 3 zuwa 5 a garin da ba su da kowa. Mu 'yan tsiraru ne a garuruwanmu, amma ba mu rasa 'yan'uwa a Samaru ko Wusasa ko Abuja ba. Wasiƙa ɗaya daga fasto zuwa fasto tana iya samar mata ɗaki da mai rakiya. Baikon da za a tara kuma a lissafa shi har ranar ƙarshe, domin tsallake kwanaki yana ba ƙwayoyin ciwon damar farfaɗowa. Rabin gashi ba rabin warkewa ba ne. In ta rasa rana saboda wani dalili, ta sanar da su, su za su san yadda za a cike.

Akwai kuma masu cewa wadda ta gaskata an warkar da ita ta daina zuwa asibiti don ta nuna bangaskiya. Ba mu sami wannan a Littafi Mai Tsarki ba. Hezekiya ya yi addu'a da hawaye, Allah ya ƙara masa shekara 15, duk da haka Ishaya ya sa a ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Bulus ya kira Luka likita, da ƙauna kuwa. Masu neman wanda ya yi zunubi ko wanda ya yi jifa, su sake karanta Yahaya sura 9. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu kansar mama ba a samun wani dalili a kansu in ban da kasancewa mace da ƙaruwar shekaru. Mace tana da 'yancin ta yi kuka, ta ce ta gaji, ba tare da an ce bangaskiyarta ta yi sanyi ba. In baƙin cikin ya hana ta ci da barci har makonni, a gaya wa likita, wannan ma yana da magani.

Kada a karanta sunanta da ciwonta a sanarwar Lahadi sai da izininta. Masu ziyara su je biyu biyu, su taƙaita, su bar labarin wance da ta mutu da irin ciwon. Wadda ta zo da tulun ruwa ko ta kwashe wanki ta fi mutum goma da suka cika ɗaki har dare.

Ranar da ta dawo gida jinya ba ta ƙare ba. Da yawa za a ɗora su a kan ƙwaya irin su tamoksifen, wadda ake sha kullum shekara 5, wani lokaci har 10, ga kuma ranakun komawa ganin likita. Muna roƙon kowace Zumuntar Mata ta sa mace ɗaya amintacciya ta rubuta ranakun nan a littafinta, ma'ajin ikkilisiya kuma ya san kuɗin motar tun kafin ranar ta zo.